Koton da Ba Shi da Ƙugiya

A watan Yuli, idan hantsi ya ɗaga a tafkin Tawakoni da ke gabas da birnin Dalas a jihar Tekzas ta Amurka, akan ga wani abu mai ɗaure kai. Jirage biyu na masu fatsa suna bin hanya guda, saurinsu kusan ɗaya, kowanne yana jan zare a bayansa. Na farko, duk bayan 'yan mintoci sai sanda ta lanƙwashe, a naɗo kifi. Na biyu kuwa ya shafe safiya ko na rantsuwa bai samu ba. Idan aka dawo gaɓa, mai jirgi na biyu ya leƙa kayan maƙwabcinsa, a nan lamarin ke ƙara cakuɗewa. Abin da zai fara gani a ƙarshen zaren shi ne wani ƙaton koton roba mai faffaɗan leɓen ƙarfe, an kwance masa ƙugiyoyinsa kaf. Ta yaya koton da ba shi da ƙugiya zai cika jirgi da kifi?

Kifin da suke nema shi ne wanda Amurkawa ke kira white bass, farin bas ke nan, mai ƙyallin azurfa da siraran layuka baƙaƙe a gefensa. Ba ƙato ba ne. Yawancin waɗanda ake kamawa tsawonsu inci 10 ne zuwa 14, kuma mafi nauyin da aka taɓa rubutawa a tarihi bai wuce kilo 3 da ɗan kaɗan ba, an kama shi a jihar Bajiniya a 1989. Garke yake yawo, yana farautar wasu ƙananan kifaye masu suna shad. Mai karatu zai ce, tunda garke ne, me ya hana a watsa masa birgi ko a kewaye shi da taru a huta? Doka ce ta hana. A Tekzas sai da sandar fatsa ake kama shi, mutum ɗaya ba ya wuce guda 25 a yini, kuma wanda bai kai inci 10 ba a mayar da shi ruwa. Saboda haka kowane kifi sai an yaudare shi shi kaɗai.

Zato na farko da ke zuwa wa mai jirgi na biyu shi ne kifin ya bar wurin. Ba zato ne na banza ba, domin farin bas matafiyi ne. A watan Maris da Afrilu yakan bar tafki ya haura koguna don yin ƙwai, har mutane su yi cincirindo a bakin ruwa suna kwasa. To amma wannan tafiyar ta ƙare tun da daɗewa. Kuma na'urar hango kifi da ke gaban jirginsa, wadda ke aika sauti ƙasa tana zana abin da ya dawo, tana nuna masa garken ƙiri-ƙiri a ƙarƙashinsa. A rashin sani kaza ta kwana kan dami.

Sai zargi ya koma kan launi. A nan ne masu shagon kayan fatsa ke cin kasuwa, domin mutum zai sayi fari, ya sayi ɗorawa, ya sayi mai ruwan azurfa, ya yi ta canzawa. Launi yana da ɗan tasirinsa, amma a ganina shi ne abin da aka fi ɗora wa laifin da bai aikata ba. Akwai kuma mai cewa zafi ne ya kashe wa kifin sha'awar abinci. Wannan ma ba ta tsaya ba, tunda jirgi na farko a cikin zafin nan yake kamu, kuma kifin da yake cirowa sau da yawa har amayar da shad yake yi a cikin jirgi.

Alamar gaskiya tana kan fuskar na'urar tun farko, ba a kula da ita ba ne. Zurfin ruwan a wurin ya kai ƙafa 40, amma babu kifi ko ɗaya a ƙasa can, babu kuma a sama. Duk sun jeru a zurfi ɗaya, a ce ƙafa 18 zuwa 22, kai ka ce an ja musu layi. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani dishi-dishin zane da ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan.

Ga abin da ke faruwa. Da zafi ya kankama, rana takan ɗumama ruwan da ke saman tafkin, ruwan ɗumi kuwa ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya zauna a bisa. Iska tana kaɗa na saman tana gauraya shi, amma ƙarfinta ba ya isa ƙasa. Sai tafkin ya rabu hawa-hawa: na ɗumi a sama, na sanyi a ƙasa, a tsakaninsu kuma wani siririn shinge inda sanyi ke sauka farat ɗaya. Shi ne dishi-dishin zanen nan. A ƙasan shingen, matattun tsirrai da ƙwari suna ruɓewa suna cinye iskar oksijin, ga shi haske bai isa can ba balle tsirrai su mayar da ita. Kafin tsakiyar Yuli ruwan ƙasa a tafkuna irin wannan ya zama wanda kifi ba zai iya daɗewa a ciki ba. Sama zafi da hasken rana, ƙasa babu numfashi. Shad da mai cin shad duka sai su matsu a 'yar tazarar da ke saman shingen.

Da wannan, rabin tambayar ya warware. Mai jirgi na biyu yana jan ɗan ƙaramin cokalin ƙarfe ne shi kaɗai a matsayin koto, cokali marar nauyi kuwa idan jirgi yana tafiya ba ya nitsewa, a kusa da saman ruwa yake lilo. Kifi yana ƙafa 20, koto yana ƙafa 3. Ba su taɓa haɗuwa ba.

To, ya sauke shi ƙasa mana. Ya ɗaura dalma mai nauyi a gaban cokalin, sai wata matsalar ta ɓullo: zurfin dalma yana bin saurin jirgi. Ya rage gudu kaɗan, ta nutse ta wuce garken ta shiga mataccen ruwa. Ya ƙara, ta taso. Kuma kuskuren da ya fi muni shi ne koto ya bi ta ƙarƙashin kifi, domin farin bas da ido yake farauta, kuma abin da ke samansa ko daidai da shi yake kai wa hari. Zai taso ƙafa biyu ko uku ya cafke, amma da wuya ya sunkuya.

Sai ya ce bari ya gwada ƙaton koton nan mai leɓe, amma da ƙugiyoyinsa, yadda kamfani ya yi shi. Sunan koton Hellbender, asalinsa daga wani kamfani ne a garin Sherman na Tekzas, kusa da tafkin Texoma. Leɓen nan shi ne sirrinsa: idan aka ja shi, ruwa yana danna leɓen, sai ya yi ta kutsawa ƙasa har ya kai wani zurfi ya tsaya a nan, ko da saurin jirgi ya ɗan sauya. Zurfi ya samu ke nan. Amma kamu bai zo ba, sai jifa-jifa, shi ma galibi wani babban kifi ne daban. Dalili yana cikin abin da kifin ke amayarwa. Shad ɗin da ake gani a watan Yuli 'ya'yan bana ne, inci ɗaya zuwa biyu. Koton kuwa ya kai kusan inci 5, bakin farin bas kuma ƙarami ne. Ƙaramin cokali ya dace da baki amma ba ya isa wurin, babban koto yana isa wurin amma ya fi ƙarfin baki.

Yanzu a sake duba kayan mai jirgi na farko, a bi zaren har ƙarshensa. A zoben da ke wutsiyar ƙaton koton, inda ƙugiya take a da, an ɗaura wani guntun zare mai tsawon ƙafa uku zuwa huɗu. A ƙarshensa ga ɗan cokali mai ƙugiya ɗaya da ɗan gashin tsuntsu, wanda ake kira Pet Spoon. Ashe ƙaton ba koto ba ne, ɗan dako ne. Aikinsa ya ɗauki cokalin ya kai shi zurfin da garke yake, ya riƙe shi a can. Girgizarsa tana jawo hankalin kifi, idan ya matso sai ya tarar da ɗan abu mai ƙyalli yana bin baya, daidai girman abincinsa. Masu fatsa na Tekzas sun daɗe da wannan haɗi, har sun laƙa masa suna daga sunayen kayan biyu. Cire ƙugiyoyin kuwa dalilinsa a fili yake: idan an bar su, guntun zaren yana naɗewa a jikinsu, suna kama kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogi aka yi tafkin, kuma idan kifi yana fizge-fizge a cikin jirgi, hannun mai shi suke samu.

Saura ƙulli ɗaya. Mai jirgi na biyu ya haɗa irin wannan kayan sak, ya fara kamu, amma har yanzu maƙwabcinsa yana ninka shi. A nan bambancin ya koma kan abubuwan da ido ba ya kamawa daga nesa. Zare mai kauri ruwa yana tura shi sama, saboda haka koto ɗaya a kan siririn zare ya fi nitsewa. Tsawon zaren da aka saki ma haka, shi ya sa gwanaye ke amfani da abin naɗi mai ƙidaya ƙafa, da zarar sun kama kifi su mayar da zare kan lambar nan daidai. Saurinsu mil biyu ne zuwa uku a awa. Ba sa raba ido da bakin sanda, domin muddin ɗan dakon yana aiki bakin sanda rawa yake yi, idan rawar ta tsaya ko dai ciyawa ta maƙale ko wani ƙaramin kifi yana bin jirgi a ƙugiya ba a sani ba.

Hanyar da na ce guda ce suke bi, ita ma ba guda ba ce. Mai jirgi na farko ba tsakiyar ruwa yake bi kawai ba. Yana bin gefen tuddai da tsofaffin hanyoyin mota da ke kwance a ƙarƙashin tafkin, wuraren da ƙasa ta taso har ta kai zurfin shingen, domin a nan farin bas ke ritsa shad. Ba ya kuma tafiya a miƙe. Yana karkata dama da hagu, kuma a kowace kwana, idan zare biyu yake ja, cokalin da ke ɓangaren ciki yana rage gudu ya yi tangal-tangal, na waje ya zabura. Sau da yawa a daidai wannan lokacin sanda ke lanƙwashewa.

Wannan dabara ta watannin zafi ce. Idan sanyi ya fara shigowa wajen Oktoba, ruwan da ke sama yakan huce ya yi nauyi ya nutse, tafkin ya gauraye daga sama har ƙasa, shingen ya ɓace, kifi ya samu damar sauka duk zurfin da ya ga dama. Daga nan yawancin masu fatsa sukan ajiye Hellbender, su tsayar da jirgi a kan garke, su riƙa sakin cokali mai nauyi tsaye zuwa ƙasa suna ɗagawa.