Zanen Gini da Kwamfuta: Abin da Ke Gaba da Koyon Farko

Da can, in mai zanen gini zai tsara makaranta, sai ya zana ta sau da yawa: ga zanen shimfiɗar ɗakuna, ga na fuskar gini, ga na cikinsa. In ya sake taga ɗaya, tilas ya bi takardun nan duka ya gyara. Yanzu kuwa akwai dabarar da Turawa su ke kira BIM, watau a gina siffar ginin sukutum cikin kwamfuta, ko wane bango da ƙofa na ɗauke da bayanin kansa. Daga siffar nan guda ɗaya a ke fid da dukan zane-zanen.

Manhajojin da aka fi sani su ne ArchiCAD, ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangare, da Revit, wadda ta fito a Amurka a 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002. Abin ya yi ƙarfi har gwamnatin Ingila ta wajabta shi a kan gine-ginenta tun daga 2016.

To, ɗalibi ya kan koyi ta da bango da sa rufi cikin 'yan makonni, ya ga hoto ya yi kyau, ya zaci ya gama. Ina! Kyan hoto ba ya sayen bulo. Mataki na biyu shi ne a tabbata bayanin da ke cikin siffar gaskiya ne. Bari mu yi misali da ginin azuzuwa 6, ko wane aji da taga 4, watau taga 24.

Abu na farko shi ne rarrabe halin iri da halin guda. Faɗin taga halin iri ne. In aka mai da shi daga milimita 1200 zuwa 1500, tagogin nan 24 duk za su sake nan take. Nisan taga daga daɓe kuwa halin guda ne, ana iya ɗaga ta aji ɗaya a ƙyale sauran. Wanda bai gane wannan ba, zai zo gyaran taga ɗaya ya ɓata 23. In ana son ɗaya ta bambanta da faɗi, sai a kwafi irin, a ba shi sabon suna, sa'an nan a gyara.

Na biyu, a ɗaure bango da layin hawa. Kada a rubuta masa tsayin mita 3 kawai. A ce ƙafarsa na daɓe, kansa na layin rufi. Ran da aka ɗaga layin zuwa mita 3.3, bangaye duk za su bi shi, ba sai an bi su ɗai ɗai ba.

Na uku, jadawalin kaya. Kwamfuta ita ke ƙidaya tagogi da ƙofofi, ta auna faɗin bango, amma abin da aka gaya mata kaɗai ta sani. In wani ya yi gaggawa ya zana taga da layi kawai, ido zai ga 24, jadawali ya ce 23. Haka kuma bango mai tsawon mita 8 da tsayin mita 3, murabba'in mita 24 ke nan, kamar bulo 240. In aka ɗora wani a kansa bisa kuskure, aka ƙyale gargaɗin manhaja, ana iya ƙidaya shi sau biyu, a sayi bulon da ba a bukata. Kuma kada a kira bangon inci 6 da sunan na inci 9.

Na huɗu, aiki tare. Mai zane da injiniya da mai tsara famfo ko wa na da tasa siffa. Sai a haɗa su, a sa manhaja irin Navisworks ta nemo inda su ka yi karo, kamar bututun ruwa da ya ratsa ginshiƙin kankare. Gyaran wannan cikin kwamfuta aikin minti kaɗan ne. In aka bari sai an zuba kankare, sai guduma da asarar kuɗi. In kuwa manhajojinsu sun bambanta, akwai tsarin fayil da a ke kira IFC, wanda ya ke kai siffa daga wannan zuwa waccan.

Malamin da zai koyar da wannan, ga hanya mai sauƙi ta jarraba ɗalibi. Kada ya tsaya ga kallon hoto. Ya ce masa ya faɗaɗa tagogin duka, ya ɗaga rufi, sa'an nan ya buɗe jadawali. In lissafi ya fita daidai, kuma ba bangon da ya rage a baya, to, yaro ya haye mataki na biyu. In ba haka ba, sai a koma a sake harsashi.