'YARMU TA ZAƁI AIKIN KOYA WA HANNU KOMAWA BAKIN AIKINSA

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, wata 'yarmu da ke ajin ƙarshe a sakandare ta tsaya ta gaya mana abin da take so ta karanta. Mun zaci za ta ce likita ko nas, kamar yadda yaranmu suka saba. Sai ta ce, "Malam, okupeshinal terafi nake so." Muka ce ta fassara mana da Hausa.

Ta ce kakanta tela ne. Shekaru uku da suka wuce ya sami shanyewar ɓarin jiki. Asibiti sun ceci ransa, masu gashin ƙashi kuma sun sa ya miƙe da sanda. Amma da ya dawo gida, ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa, ba ya iya kai loma baki, balle ya riƙe almakashi. "Ran nan na gan shi yana kallon kekensa na ɗinki yana hawaye," in ji ta. Nan ne aikin da ta zaɓa yake farawa.

Mai wannan aiki yana koya wa majiyyaci wanka, sa tufafi, cin abinci da komawa sana'arsa. Yakan ƙara wa cokali kauri domin hannu mai rauni ya kama shi, ya yi wa yatsu abin tallafi, ya ba da shawara a gyara ƙofa ko bayan gida. Yana aiki da yaran da suka makara wajen zama ko riƙe fensir, da masu taɓin hankali, da waɗanda suka yi haɗari a hanya.

Aikin ba sabo ba ne. An kafa ƙungiyarsa ta farko a Amurka a 1917, ya kuma bunƙasa wajen kula da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan aiki a 1952. A Nijeriya, hukumar da ke yi musu rajista, wato MRTB, an kafa ta da doka a 1988.

To, ina za ta karanta? Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana ba da digiri, akwai kuma makarantar gwamnatin tarayya ta wannan fanni a Oshodi, Legas. Dole ta sami kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, sa'an nan ta ci jarrabawar JAMB. Ta riga ta rubuta Ile-Ife a zuciyarta.

Damuwar tana gida. Mahaifinta manomi ne, yana ganin nisa da kuɗin makaranta, yana kuma tambaya, "Wa ya san wannan aiki? Wa zai ɗauke ki?" Tambayar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma mu duba ƙauyukanmu. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a 2020, duk da haka waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan tare da mu. Hawan jini yana kwantar da iyayenmu. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a 2019, ba za ta koya wa kowa riƙe cokali ba sai an sami masu koyarwa.

Saboda haka muna roƙon iyaye, in yaro ya zo da sunan karatun da ba ku taɓa ji ba, ku zauna ku saurare shi kafin ku ce a'a. Zumuntar mata da ta matasa kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin fom da na mota ba su fi ƙarfinmu ba in mun haɗa kai.

Ita dai 'yarmu ta ce in ta gama za ta dawo Arewa, kuma majiyyacinta na farko shi ne kakanta. Allah ya kai mu ranar.