HAYA, SAYE KO HAƊI: Yadda masoya fim a ƙasar Yawuri za su kama shirin da NEPA ta hana su gani

BABU abin da ke ƙona ran mai kallon fim mai dogon zango kamar a ɗauke wuta daidai lokacin da asiri zai tonu. An yi mako guda cur ana jira, an share tsakar gida, an baza tabarmi, yaran maƙwabta sun cika ƙofar ɗaki, sai kawai ɗif! Kafin a tayar da janareta, in ma akwai mai a ciki, tuni an wuce wajen. Washegari a majalisa kowa na ba da labari, wanda abin ya wuce shi kuwa sai gyaɗa kai.

A ƙasar Yawuri, wato ƙananan hukumomin Yawuri, Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi, abin ya fi ciwo. Ruwan da ke juya injinan madatsar Kainji ta ƙofar gidajen mutanen nan yake wucewa. An kammala madatsar a 1968, aka girka mata injinan da ƙarfinsu ya kai megawat 760, kuma don a samu tafkin sai da aka tashi mutum sama da 40,000 daga gungunansu da ƙauyukansu na bakin Neja. Duk da haka har gobe akwai ƙauyukan bakin tafkin da turken lantarki bai taɓa zuwa ba, inda ya je kuma wutar sai ta ga dama. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Ba wuta kaɗai ba ce. Masunci da ke shiga ruwa da almuru don zuba kalli, da manomin albasa da ke kwana a lambu, da ɗan kasuwar da ya bi kwalekwale zuwa cin kasuwar Wara, duk ba sa gida a lokacin da tashoshi ke saka manyan shirye-shiryensu. Shi ya sa maganar na'urar naɗar shiri ta zama abin tattaunawa: akwatin da zai ɗauki fim da kansa, ya ajiye, mai shi ya kalla sa'ad da ya samu sarari.

TA YAYA AKA ZO NAN?

Waɗanda suka tashi a zamanin kaset ba baƙon abu ba ne a wajensu. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da 'Turmin Danya', fim ɗin Hausa a kaset ɗin bidiyo yake yawo. Dillalan Ƙofar Wambai da Bata su saro, mota ta kawo har Yelwa, masu shagon haya su ba da na kwana ɗaya. Duk mai bidiyo a gida yana iya danna jan maɓalli ya naɗi shirin talabijin a kan tsohon kaset. Da faifan CD da DVD suka kori kaset, sai wannan dama ta tafi, don na'urar faifai ta kallo ce kawai.

A can Amurka kuwa, a 1999 kamfanonin TiVo da ReplayTV suka fito da akwatin da ke naɗar shiri a kan rumbun ajiya irin na kwamfuta, wanda masu gyara ke kira hardis. Babu kaset, babu jan zare baya. Har ma mutum na iya tsayar da shirin da ake yi kai-tsaye ya je ya yi alwala ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Abin bai dami mai kallon fim ɗin Hausa ba sai da kasuwa ta juya. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo 'Daɗin Kowa' a 2015, sai 'Kwana Casa'in' da 'Gidan Badamasi' a 2019, sannan 'Labarina' na Aminu Saira a 2020. Fim ya tashi daga abin da ake saye a leda ya koma abin da ake jira a wata rana, a wata sa'a. Wanda ya makara ya rasa, sai dai ya jira maimaici.

HAYA: BIYAN WATA-WATA

Hanya ta farko ita ce ta kamfanonin satalayit masu karɓar kuɗin wata. Babban misali shi ne dikodar Explora da DStv ta fito da ita a 2013. Ita kam aikinta ba magana: mutum ya zaɓi shiri a jadawali, ya ce ta riƙa ɗaukar kowane kashi, ta yi ta yi ba tare da an sake tuna mata ba. Tana iya naɗar wani shiri alhali ana kallon wani. Ga gidan da maigida ke son ƙwallon Ingila, uwargida kuma ke son fim, wannan ya kashe rigimar rimot.

To amma me ya sa ake kiran ta haya, bayan da kuɗi ake sayen akwatin? Dalili shi ne akwatin ne kawai na mai shi, abin da ke ciki a hannun kamfani yake. Ban da kuɗin kallo na wata, akwai wani ƙarin da ake biya don aikin naɗa ya buɗe. Abin da aka naɗa kuma a kulle yake, ba ya fita zuwa filash ko waya. Ranar da biya ya tsaya, ƙofa ta rufe. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ga wanda samunsa na kaka ne, ko na lokacin kamun kifi, biyan da ba ya tsallake wata nauyi ne babba. Kuma kwanakin da aka yi babu wuta, ba a rage wa kowa ko kwabo.

Akwai wata hayar ta talaka, wato zuwa wajen masu tura finafinai. A tasha da bakin kasuwa za a gan su da kwamfuta da tarin wayoyin caji, a miƙa memori a loda kashi goma a tafi. Arha kam akwai, kuma ba ruwan mutum da dish. Illarta biyu: sai an jira shirin ya iso hannunsu, kuma yawancin abin da ake turawa ba da izinin masu fim ɗin ba ne.

SAYE: ƘARAMAR DIKODA MAI RAMIN FILASH

Hanya ta biyu ita ce sayen dikodar tashoshin kyauta, irin su Strong da ƙannenta, wadda ke da ramin USB a gaba ko a baya. A ɗaura dish, a soka filash ko hardis, a danna jan maɓalli, shi ke nan. Da yawansu suna da agogon da za a saita su fara ɗauka ƙarfe kaza su tsaya ƙarfe kaza. Sau ɗaya ake biya, kuma abin da aka ɗauka daga tashar kyauta ana iya kai shi kwamfuta ko waya.

Babban abin da ya sa ta dace da bakin tafki shi ne rashin cin wuta. Ƙananan dikodoji da yawa da bolt 12 suke aiki, wato daidai da batirin sola. Ba sai an kunna talabijin ba ma: dikoda ita kaɗai za ta yi ɗaukarta, talabijin na kashe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tayar da janareta na awa guda don shiri ɗaya ya zama almubazzaranci a gidaje da yawa. Batiri guda da faifan sola guda sun ishi dikoda ta yi aikin dare.

Lissafin wuri kuma mai sauƙi ne. Awa ɗaya ta hoto gama-gari tana cin kimanin gigabait 1 zuwa 2, mai tsananin haske kuma ya ninka haka. Ke nan filash mai gigabait 32 zai ɗauki kashi 15 zuwa 20 cikin kwanciyar hankali, hardis mai terabait 1 kuwa sai ɗaruruwan awoyi.

Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yawancin waɗannan dikodoji tasha ɗaya suke iya kamawa a lokaci guda, in ana naɗa ba a yawo da rimot. Tashoshin kyauta sukan sauya layi, a wayi gari hoto ya ɓace sai an kira mai saiti. In wuta ta yanke ana tsakiyar naɗa, fayil ɗin kan lalace, wani lokacin har agogon ya rikice ya ɗauko tallar magani a maimakon fim. Hadarin damina mai kauri shi ma yana yanke sigina, wannan kuwa ko ta biyan wata ba ta tsira ba. Sannan ga filash na jabu da suka cika kasuwa: a jiki an rubuta gigabait 64, a ciki ko 8 bai kai ba.

Don haka mai saye kada ya biya sai mai shago ya nuna masa abu uku da idonsa: tashar da yake so tana fitowa, an naɗi minti biyar an sake kunnawa ya gani, kuma an saita agogo ya tashi da kansa. Kalmar PVR da ke jikin kwali ba hujja ba ce.

HAƊI: AIKIN MASU ƘWAƘWALWA

Hanya ta uku ta samarin da suka taɓa karatun kwamfuta ce, ko masu gyaran waya da hannunsu ya faɗa. Ana samo tsohuwar kwamfuta, a sa mata katin kama satalayit, a ƙara hardis babba, a ɗora manhajar kyauta irin su MythTV, wadda aka fara tun 2002, ko Tvheadend tare da Kodi. Wasu ma da Raspberry Pi suke yi, 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu da ta fito a 2012. In haɗin ya yi kyau, za a iya naɗar tashoshi da dama lokaci guda, a jera finafinai bisa sunan jarumi ko darakta, har wayoyin 'yan gida su riƙa jawowa ba tare da an ƙona data ba.

A baki da daɗi. A aikace, katin kama satalayit ba abu ba ne da za a tsinta a kowane shago, sai an aika Kano ko Legas, ko an yi oda ta intanet. Kwamfutar tebur tana cin wutar da ta ninka ta dikoda sau da yawa, kuma dole ta kwana a kunne, ke nan sai da inbata da batura masu ƙarfi. Hardis mai juyawa ba ya shiri da ɗauke wuta bagatatan, ba ya son zafin bazara, ƙurar hunturu na toshe fanka, raɓar bakin ruwa kuma na cin ƙarfe. In ta lalace, wanda ya haɗa ne kaɗai ya san kanta. Ranar da ya tafi bautar ƙasa, gida ya koma sauraron rediyo. Kuma haɗin ba ya buɗe tashoshin kuɗi, don a kulle suke zuwa.

Amma akwai aiki guda da ita kaɗai ke iya yi. A gidaje da yawa a Yelwa akwai kwalayen tsofaffin kaset: bikin iyaye, hawan Sallah, wasan Rigata na shekarun baya, da finafinai irin su 'Sangaya' da 'Wasila'. Zaren kaset ba ya daɗewa, balle inda akwai danshi, fumfuna ke cinye shi. Kwamfuta mai katin ɗaukar hoto, in aka jona ta da tsohuwar na'urar bidiyo, za ta kwashe abin da ke kaset ɗin kafin ya mutu. Saurayin da ya iya wannan ya samu sana'a ta halal, don kowa na son ganin bikin mahaifiyarsa.

INA HAƘƘIN MAI FIM?

Nan ne gizo ke saƙa. Tun 1984 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin Sony da Universal, ta yanke cewa naɗar shiri a gida don a kalla daga baya ba sata ba ce. A Nijeriya ma sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar ƙofa ga amfanin kai, amma ta hana kwafa don sayarwa, ta kuma hana fasa makullin da mai abu ya sa wa kayansa.

Masoya fim sun ga abin da satar fasaha ta yi wa kasuwar faifai. Furodusa ya ci bashi ya yi fim, kafin ya sayar da kwali ɗaya an gama raba shi a waya. Shi ya sa da yawa suka koma YouTube, kamar yadda Lawan Ahmad ya yi da 'Izzar So' a 2020, inda kuɗin talla ke shigowa gwargwadon yawan masu kallo. Duk wanda ya naɗi kashi ya kai wa mai turi, ya rage wa jarumin da yake iƙirarin so abin sawa a baki. Ya naɗa don iyalinsa, wannan daban. Ya buɗe tebur da shi, ya shiga haƙƙin mutane.

TO, WACCE ZA A ƊAUKA?

Daidai ruwa daidai tsaki. Ma'aikaci mai albashi a cikin Yelwa, mai sola ko inbata, wanda ƙwallo ke cikin jininsa, biyan wata zai fi masa, muddin ya san abin da ya naɗa ba gadonsa ba ne. Mai gyaran kwamfuta da ke da wuta tsayayya da haƙurin kwana yana saiti, ya gwada haɗi, musamman in zai ceto tsofaffin kaset da shi.

Sauran jama'a, daga Shanga har Wara da ƙauyukan gungu, ƙaramar dikoda mai bolt 12 da filash na gaske da batirin sola ita ce daidai aljihu. Kuma in kuɗin bai kai a sayi duka a tashi ɗaya ba, a fara da batirin. Dikoda komai tsadarta, in babu abin da zai riƙe ta daga farkon shiri zuwa ƙarshensa, rabin kashi za ta ajiye, kuma rabin da ya ɓace shi ne wanda za a yi ta magana a kai gobe a majalisa.