Ko Kun Sani? Baƙon da Ruwan Damina ke Saukarwa a Baturiya

Duk sa'ad da ruwan damina ya sauka a dausayin Baturiya, cikin fadamar Kogin Haɗejiya, yakan zo da ɗan ƙanƙanin sinadari, beriliyam-7, wanda haskoki masu ƙarfi daga sararin samaniya ke samarwa idan sun farfasa ƙwayoyin iska. Da yake cibiyarsa tana da furoton 4 alhali niyutiron 3 kacal gare ta, ba ta samun natsuwa sai ta haɗiye elektiron guda daga masu yi mata ɗawafi, furoton ɗaya ya rikiɗe zuwa niyutiron, bisa hikimar Ubangiji, sinadarin ya zama litiyam-7 tabbatacce. Rabin beriliyam-7 kan gushe cikin kwana 53, shi ya sa ma'abota ilmi ke auna shi domin su gane sabuwar ƙasar da ruwa ya zaizayo.