Binciken Tsohon Gida Don Rage Kuɗin Lantarki

A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Saboda haka ya kamata mai zama cikin tsohon gida ya bincika inda wutarsa ke zurarewa. Ga yadda ake yi.

Da fari a kashe kome da kome, sa'an nan a duba mita. In ba ta daina ci ba, to, waya ta lalace, ko kuwa wani ya jona a ɓoye. Sai a kira ma'aikacin lantarki, kada a taɓa da hannu.

Na biyu, ƙwan fitila. Tsohon ƙwai mai wat 60, in yana ci awa 5 kullum, zai sha yunit 9 a wata. Na LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya, amma ba zai sha yunit ɗaya da rabi ba.

Na uku, firji. A rufe ƙofarsa a kan takarda, a ja. In ta zare da sauƙi, robar ƙofa ta mutu, sanyi yana fita, inji yana ta aiki a banza.

Na huɗu, rufi. Kwano marar silin yakan mai da ɗaki tanderu, fanka ta yini tana juyi. A sa silin, a shafa wa kwanon farin fenti, a riƙa buɗe tagogi da dare.

A rubuta abin da mita ta ci mako guda kafin gyara, da mako guda bayansa. Bambancin shi ne ribarku. Lalle wannan lissafi ne mai kyau da malami zai ba yara a aji.