Tallan Kayan Mata da Maganin Maza a Intanet: Me Aka Hana, Me Aka Bari?

Tallan maganin ƙarfin maza da kayan mata ya riga wayar hannu zuwa kasuwannin ƙasar Katsina. Duk mai bin hanyar Katsina zuwa Kano ta Kankiya ya san motar mai magani da lasifikarta, ana zuba kalaman da uba ba zai iya tsayawa ya saurara tare da ɗansa ba. Yanzu tallan ya koma Facebook da TikTok da WhatsApp, kuma daga Kankiya har Kusada ana ta ji-ta-ji-ta a kan abin da aka haramta. Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa uku: ƙa'idar kamfanin da ya mallaki manhaja, dokar Najeriya, da aikin hukumomin jiha.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai Facebook ya hana duk tallan da ya shafi zaman aure. Rabinta gaskiya ne. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ba ya karɓar tallan da aka biya kuɗi idan akwai tsiraici ko batsa a ciki, ko idan an gina shi kan ƙara jin daɗin saduwa. Nan ne tallan kayan mata da yawa ke faɗuwa, domin da wannan alkawarin ake sayar da su. Amma kamfanin ya yarda da tallan lafiyar haihuwa, da tazarar haihuwa, da kwaroron roba, har da maganin raunin mazakuta, muddin 'yan shekara 18 zuwa sama kaɗai za a nuna wa, kuma maganar ta tsaya kan lafiya. Google ma haka: batsa ƙarara haramun ce a tallansa, abin da bai kai can ba kuma ana taƙaita masu ganinsa. Saboda haka asibiti ko ma'aikacin lafiya, irin waɗanda makarantar fasahar kiwon lafiya ta Kankiya ke yayewa, ba a rufe masa ƙofar faɗakarwa ba. Sai dai na'urar tantancewa takan yi kuskure ta ƙi tallan lafiya mai tsabta, musamman na mata, kuma akwai hanyar neman a sake dubawa.

Akwai bambancin da masu sana'a da yawa ba su lura da shi ba. Tallan da aka biya kuɗi ana duba shi kafin ya fita. Bidiyon da mace ta ɗora a shafinta tana nuna gumba da tsimi kuwa ba ya bi ta wannan ƙofar. Yana ƙarƙashin ƙa'idar zaman jama'a ta manhajar, sau da yawa sai wani ya kai ƙara kafin a sauke shi. Shi ya sa ake ganin wata na tallarta shekara da shekaru lafiya lau, wata kuma aka rufe mata shafi cikin mako guda, har a ce hassada ce ko an yi mata asiri. Hassadar na iya sa a kai ƙara, amma abin da aka ɗora shi ake yanke hukunci a kai.

Ana kuma cewa in an yi tallan da Hausa, na'ura ba ta ganewa. Gaskiya ne tantancewa da Hausa ba ta kai ta Turanci ƙarfi ba, ga kuma habaici da zaurance da masu tallan suka ƙware a kai. Amma hoto ba shi da yare, kuma wanda zai kai ƙara Bahaushe ne da ya ji abin da aka faɗa sarai.

Batun Hisba ya fi kowanne jawo surutu, wai tana iya rufe shafi ko karanta saƙonnin mutane. Hukumar Hisba ta Jihar Katsina, wadda gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa, ba ta da makullin Facebook ko TikTok, kuma ba ta karanta saƙonnin WhatsApp, waɗanda tun 2016 ake kulle su ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya gani. Ikonta a kan mutum yake, ba a kan manhaja ba. Bidiyo in ya bazu, ko wani ɗan zauren WhatsApp ya ɗauki hoton saƙo ya kai, ana iya kiran mai shi a yi masa nasiha ko a miƙa shi gaba.

Masu cewa intanet ba ta da doka a Najeriya sun yi kuskure babba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko duka biyun, ga wanda ya aika saƙon batsa ta kwamfuta ko waya da gangan. A 2022 kuma aka kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin APCON, kuma dokarta ta ce a tantance talla kafin a fitar da shi, har da na intanet. A shekarar ce hukumar ta maka Meta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja tana neman naira biliyan 30 kan tallace-tallacen da ba a tantance ba. A aikace hukumar ba ta iya bin kowace mai kayan mata da ke cikin gida, amma rashin kamu ba ya nufin an halatta.

Abin da ba a cika sani ba shi ne dokar ƙasa ta fi ta kamfanonin tsauri a wuri guda. Dokar abinci da magunguna, wadda asalinta ya koma 1974, ta hana tallata wa jama'a wani abu da sunan yana warkar da wasu cututtuka da ta jera, cikinsu har da ciwon suga, da sankara, da rashin ƙarfin mazakuta. Wato tallan da Facebook zai iya karɓa yana iya zama laifi a Najeriya, kuma mai lasifika a bakin tasha ya daɗe yana taka wannan doka.

Mafi hatsari a cikin maganganun ita ce wai tunda tallan ya fito a Facebook, ai an gwada maganin. Kamfanin kalmomi da hotuna yake dubawa, ba ya buɗe kwalba. Rajistar magani aikin NAFDAC ne, hukumar da aka kafa a 1993, kuma tallan magani yana buƙatar amincewarta daban da rajistar. Ko lambar da take bai wa yawancin magungunan gargajiya tana nuna an duba rashin illarsu ne, ba tabbacin suna aikin da ake faɗa ba. An sha gano sinadarin sildenafil, wanda ke cikin Viagra, a ɓoye cikin magungunan maza da ake kira na itatuwa zalla. Ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya, wannan sinadari na iya kayar da ƙarfin jini farat ɗaya har ya kai ga halaka. Mai raunin mazakuta likita ya kamata ya fara gani, a babban asibitin Kankiya ko wanda ya fi kusa da shi, kafin ya tura kuɗi ga lambar da ya gani a bidiyo.