Idan Kana Tsoron Alƙali Zai Yi Son Kai

Mai karatu, a ce ka ɗaukaka ƙara kan fili ko bashi, kana tsoron alƙali zai yi son kai. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka 'yancin shari'ar adalci. Lauyanka zai nemi alƙalin ya janye, ko ya roƙi Babban Jojin Jiha ya mayar da ƙarar gaban wani. Amma ina jan hankalinka: zargi kawai bai isa ba, sai da hujja, kamar dangantaka. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri. Cikin dalilanta, shugaban kwamitin binciken tarzomar 1983 yana cikin waɗanda aka yi wa ɓarna. Wanda abu ya shafa ba ya zama alƙalinsa.